Kano: A Tambayi Ruwa Kafin A Yanka Fili

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa sayen fili a gefen Kano ya san tambayoyin da ake yi. Ƙafa nawa ne? Awon igiya ne ko na gwamnati? Akwai takardar mai unguwa? Babu rigimar gado a kai? Wuta ta kusa zuwa? Idan dillali ya amsa waɗannan, sai a tsayar da shaidu, a yi ciniki, a kafa bulo huɗu a kusurwa huɗu, a shafa fatiha. Na halarci irin wannan ciniki ba sau ɗaya ba, a hanyar Gwarzo da bayan Rijiyar Zaki da wajajen Kumbotso, kuma ban taɓa jin wanda ya tambaya ina ruwan saman unguwar zai bi idan watan Agusta ya kama ba. Ban kuma ji wanda ya tambayi zurfin da za a haƙa kafin a tarar da ruwan sha nan da shekara goma ba, lokacin da gida ɗari biyar za su kewaye wannan fili, kowanne da rijiyarsa da masansa.

Ba na ganin laifin mai saye. Mutumin da ya shekara bakwai yana adashi don ya rabu da gidan haya ba aikinsa ba ne ya san inda kwari yake da inda tudu yake a faɗin ƙaramar hukuma. Wannan aikin hukuma ne, kuma aiki ne da ake yi kafin a yanka fili, tun yana gona. Abin da nake kira gare shi ke nan: duk wani dogon shiri da za a yi wa Kano, na shekara ashirin ne ko talatin, a auna shi gaba ɗayansa a ga abin da zai yi wa ruwa da ƙasa da iska, kafin a sa masa hannu, kuma sakamakon awon ya zama yana da ikon sauya shirin. Tun ran gini tun ran zane.

Bari in fara da kududdufi, domin a nan na fi ganin girman abin da muka yi asara ba tare da mun zauna mun yanke shawarar yin asararsa ba.

Tsohon birni da ƙasa aka gina shi. Ganuwar da aka faro zamanin Sarki Gijimasu, aka faɗaɗa zamanin Muhammadu Rumfa, da soraye da katangu da zauruka, duk daga ƙasar wurin aka haƙo su. Ramin da aka bari shi ya zama kududdufi. Saboda haka kusan kowace unguwa tana da nata, kuma girmansa daidai da yawan ginin da ke kewaye da shi. Idan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwatocin lunguna su kwashe su zuba a ciki, ya riƙe ruwan na kwanaki da makonni, yana tsotsewa cikin ƙasa a hankali, rijiyoyin gidajen da ke kusa suna samun rabonsu. Wanda ya yi yawa ya gangara Jakara. Ba zan yi wa kududdufi kwalliyar da ba shi da ita ba: matattarar sauro ne, ana zuba masa shara da ƙazanta, kuma ya ci yara da dama, wannan kowa ya sani. Amma yana aiki guda biyu da ba wanda ya biya shi a kansu, riƙe ambaliya da shayar da ƙasa.

Sai fili ya yi tsada. Aka dinga cike kududdufai ɗaya bayan ɗaya, da farko da shara, daga baya da tifa-tifar ƙasa, aka yanka, aka gina shaguna da gidaje da gidajen mai. Wanda ya san titin BUK shekaru talatin baya ya san ruwan da ke kwance a jikin badala daga wajajen Ɗan Agundi zuwa Gadon Ƙaya, ya kuma san abin da ke wurin yanzu. Kowane cikewa idan ka ɗauke shi shi kaɗai, za a ce maka ƙaramin abu ne, rami ɗaya ne mai wari aka rufe. Gaskiya ne. Amma ruwan da ramin yake riƙewa bai daina sauka daga sama ba. Ƙari a kan haka, tsakar gidan da a da ƙasa ce yanzu siminti ce, rufin da a da ƙasa ne yanzu kwano ne, lungun da a da turɓaya ne yanzu an shimfiɗa masa bulo. Ruwan da ƙasa take shanyewa ya koma gudu a sama, kuma cikin minti talatin yake haɗuwa a wuri ɗaya. Kano ba ta samun ruwan da ya kai na kudu, amma ɗan abin da take samu a 'yan watanni yake zuba, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Birnin da ke da irin wannan damina ya fi kowa buƙatar wurin ajiye ruwa.

A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa dilolin atamfa da shadda da yadi na maƙudan kuɗi. 'Yan kasuwa da kansu suka nuna gine-ginen da aka ɗora a kan hanyoyin ruwa.  Sunayen unguwanninmu da yawa ma gargaɗi ne: duk inda ka ji kwari, ko fadama, ko tafki, ko rafi, magabata sun riga sun rubuta maka rahoto a cikin suna. Ita Jakara, wadda kasuwar Kurmi ta zauna a bakinta tun zamanin Rumfa, ta tashi daga rafi ta koma babbar kwata, kuma aikin titin Wuju-Wuju da aka faro a zangon Kwankwaso na biyu don a rufe ta a shimfiɗa hanya a kai ya shafe shekaru bai kammala ba. Ko da an kammala shi, tambayar tana nan: an lissafa faɗin magudanar da yawan simintin da zai kasance a birnin nan da shekara ashirin, ko da na ranar da aka zana ta?

Wani zai ce ai akwai doka. Akwai. Bayan da aka jibge guba daga Italiya a garin Koko a 1988, gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, sannan a 1992 ta fitar da doka mai lamba 86, wadda ta wajabta binciken tasiri ga muhalli kafin a fara manyan ayyuka irin su madatsar ruwa, filin jirgin sama, babbar hanya da rukunin masana'antu. A shekarar ce kuma aka yi dokar tsara birane da yankuna mai lamba 88. A 2007 aka kafa NESREA don tilasta bin ƙa'idojin muhalli. A matakin jiha ga hukumar tsara birane ta KNUPDA, ga ma'aikatar muhalli, ga ta ƙasa da safiyo. Takarda ba ta yi mana ƙaranci ba.

Matsalar ita ce dokar 1992 aiki ɗaya-ɗaya take kallo. Tana tambayar mai masana'anta abin da masana'antarsa za ta zubar. Ba ta da bakin tambayar abin da zai faru idan gonaki dubu suka koma fulotai a cikin shekara goma, kowacce gona an yanka ta ita kaɗai, da igiya, ba wadda ta kai girman da doka za ta waiwaye ta. Alhali ta haka Kano take girma. Ba babban aiki ɗaya ne ya shanye ƙasar Ungogo da Kumbotso ba, ƙananan cinikayya ne da ba su ƙirguwa. Tarayyar Turai ta gane wannan giɓi, shi ya sa a 2001 ta yi ƙa'idar da ta wajabta auna tasirin tsare-tsare da shirye-shirye su kansu, har da na amfani da ƙasa da tsara gari, tun kafin a zo kan ayyukan da za su fito daga cikinsu. Ba ina cewa mu kwafo nasu ba ne. Hankalin da ke ciki ne ya dace da mu fiye da yadda ya dace da su, domin biranensu sun kusa daina faɗaɗa, namu kuwa kullum cikin cin gona suke.

Babban tsarin da aka fi ambata idan ana maganar Kano shi ne na Trevallion, wanda aka yi don shekarun 1963 zuwa 1983. Wa'adinsa ya ƙare sama da shekara arba'in da suka wuce. A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, wato Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nassarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo, sun haura mutum miliyan 2.8, kuma yaran da aka haifa a shekarar sun isa neman ɗakin kansu yanzu. Gari ya riga ya taɓo Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da Gezawa da Tofa da Madobi. Batun sabon tsari yana tasowa lokaci zuwa lokaci, kuma ina maraba da shi. Tsorona shi ne a kawo mana zane mai launi, ja nan masana'antu, rawaya nan gidaje, ga gadar sama ga titi mai hannu shida, ba tare da shafi ɗaya da ya ce ga yawan ruwan da mutanen za su sha, ga inda za a samo shi ba.

Wannan tambaya ta ruwan sha ita ce ta fi hana ni barci. Kano a kan dutse take zaune. Ƙarƙashinta ba yashi mai zurfi ba ne da ke riƙe ruwa kamar na wasu sassan Borno, tsohon dutse ne, ruwan yana maƙale ne a ruɓaɓɓen samansa da cikin tsagoginsa. Shi ya sa maƙwabci zai haƙa ya samu, kai ka haƙa a jikin katangarsa ka tashi a tutar babu. A gidan da na tashi akwai rijiya a tsakar gida da guga ɗaya ke isa, rani da damina. Ta ƙafe, aka yi mata ƙari sau biyu, daga baya aka rufe bakinta da faifan siminti, muka koma jiran 'yan garuwa kamar kowa. Yau kowane sabon gida sai ya haƙa burtsatse, kowane mai sayar da ruwan leda yana zuƙa dare da rana, a daidai lokacin da muka toshe hanyoyin da ruwan sama ke komawa ƙasa. Muna ɗiba daga tukunya muna kuma rufe bakinta. Sannan a unguwannin awon igiya, inda fili ƙafa arba'in ne ko ƙasa da haka, tazarar da ke tsakanin masai da rijiya sau da yawa taku kaɗan ce. Amai da gudawa da taifot ba daga iska suke faɗowa ba.

Ruwan famfo kuwa daga kogi yake, ta matatun Challawa da Tamburawa da Watari. Kogunan Kano da Challawa kuma madatsun Tiga, da aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, da ta Challawa da ke Ƙaraye, da aka kammala a 1992, su ke riƙe da su. Ruwan nan ba na birni ne shi kaɗai ba. Manoman shinkafa da tumatir na Kura da Bunkure da Garun Malam a kansa suke. Idan kogin Kano da na Challawa suka haɗu suka zama kogin Haɗeja, masunta da makiyaya da manoman dausayin Haɗeja da Nguru suna jiransa, daga nan ya shiga kogin Yobe da ya raba Najeriya da Nijar ta wajen Diffa, ya nufi tafkin Chadi. Duk lita ɗaya da sabuwar unguwa a Kano za ta sha, daga rabon wani aka cire ta. Shirin birni da bai yi wannan lissafi ba, ya yanke hukunci a kan mutanen Jigawa da Yobe ba tare da ya ambaci sunansu ba.

Abin da muke mayar wa kogin kuma ba sai na tsawaita ba. Ruwan majemu da masaƙu na Challawa da Sharaɗa da Bompai ya daɗe yana gangarawa rafuka, da sinadarin kuromiyom da ake jima da shi. Ƙazantar cikin gari da ta Bompai tana bin Jakara da Getsi har madatsar Wasai, kuma a bakin wannan ruwa 'yan lambu suke noman latas da alayyahu da karas da ake kawo mana kasuwa. Ba su da wani ruwan. Lokacin da aka ware wuraren masana'antun nan bayan gari suke. Yanzu gidaje sun kewaye su ta ko'ina, domin ba a tsare tazarar da ya kamata a bari ba.

Akwai kuma gonakin da ke zagaye da birni, waɗanda masanin ƙasa Michael Mortimore ya shafe shekaru yana nazari a kansu. Abin da ya ja hankalin masana shi ne yadda ƙasa ɗaya ake nomanta kowace shekara, ba hutu, ga yawan jama'a, amma ba ta mutu ba. Sirrin a bayyane yake ga duk ɗan Kano mai shekaru: jakuna su shigo gari da itace da hatsi, su koma da mangalar taki daga jujin birni, ga kashin dabbobi, ga gawo da ɗorawa da tsamiya da kuka a tsaye cikin gona ba a sare su. Birni da ƙauye suna ciyar da juna. Ƙasar da aka yi ɗaruruwan shekaru ana gyarawa ita ake sayarwa da ƙafa yau, abu na farko kuma da mai fili yake yi shi ne ya kira masu zarto. Jujin ma ya cika da leda har manomi yana gudunsa. Wanda ya ratsa ƙarƙashin tsofaffin itatuwan Nassarawa da azahar ɗin watan Afrilu, sannan ya shiga sabuwar unguwar da babu ko darbejiya ɗaya, jikinsa zai gaya masa bambancin ba sai an kawo ma'aunin zafi ba. Yashin ginin kuma daga cikin kogunan nan ake kwasowa, gaɓa tana zaftarewa, gonakin bakin kogi suna tafiya da ita.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba amsar banza ba ce. Za a ce mutane na buƙatar muhalli yau, haya ta gagari talaka, kai kana maganar kududdufi da gawo. Za a ce duk wani sabon bincike wata ƙofa ce ta jinkiri da cin hanci. Na yarda da rabin maganar. Awon igiya bai yaɗu don mutane na son zama babu titi babu magudana ba, ya yaɗu ne don filin gwamnati bai isa ba, wanda ake yankawa kuma ba kasafai yake kaiwa hannun mai ƙaramin ƙarfi ba. Rukunonin Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo an tsara su da tituna da magudanu, amma ba mai sayar da kayan miya ne zai iya sayen gida a can ba. Sai dai a duba wa yake biyan kuɗin rashin lissafin. Mai hali a tudu yake gini, yana da burtsatse mai zurfi da tankin sama. Wanda ya sayi fili mai araha a cikin kwari shi ne katangarsa ke faɗawa kan 'ya'yansa da tsakar dare. Shi ne yake sayen jarka da kuɗin cefane. Auna tasirin shiri ba hana gini ba ne, nuna wa mutane inda za su gina su kwana lafiya ne, da yanka musu fili a can da farashin da za su iya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Rashin yin hakan kuma mun ga inda yake kai mu. A watan Yunin 2023 sabuwar gwamnati ta rushe gine-gine a filin Idi da tsohon otal ɗin Daula da wasu wurare, bisa hujjar cewa an ba da filayen ba bisa ƙa'ida ba. Ko mutum yana goyon baya ko yana adawa, abu ɗaya a fili yake: wata gwamnati ta ba da izini, wata ta rushe, dukiya ta zama ɓaraguzai, aka ɗunguma kotu. Abuja ma da take da tsarinta tun 1979 ta sha irin wannan rusau zamanin da El-Rufa'i yake minista. Dokar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna a matsayin amana. Idan babu wata taswira da jama'a suka sani, wadda ta ce nan hanyar ruwa ce, nan kududdufi ne, nan makabarta ce, nan filin makaranta ne, ba a taɓa su ko wa ke mulki, to amanar ta koma ra'ayin mutum ɗaya, katafila kuma ta zama ihu bayan hari.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Kalmar hurumi tana bakin kakanninmu tun kafin a haifi masu tsara birane na zamani. Sun san burtali, sun san mashaya, sun san makiyaya, sun san ba a toshe wa maƙwabci kwata. Ƙa'idar da malamai ke karantarwa a fiƙihu cewa babu cuta babu cutarwa, ita ce dai ake nema a ɗora a kan taswira.

Yadda nake ganin aikin, a fara da zana duk hanyoyin ruwa da kwaruruka da kududdufan da suka rage, daga hoton tauraron ɗan'adam da kuma bakin dattawan unguwa, domin mai unguwar da ya shekara sittin a wuri ya san inda ruwa ya tsaya a ambaliyar 1988 fiye da kowace na'ura. A ayyana su a doka, a kafa musu alama da kowa zai gani, a yashe waɗanda suka rage a kewaye su don kada su ci yara. Sannan a ajiye zaɓi fiye da ɗaya a kan tebur. Idan gari ya ci gaba da bazuwa ta kowace kusurwa, gona nawa za ta tafi, bututu mai tsawon nawa za a ja? Idan aka ƙarfafa garuruwa irin su Wudil da Bichi da Gwarzo da Rano su riƙe mutanensu da sana'a da makarantu da asibiti, me zai ragu a kan birni? Idan aka bar mutane su hau sama a inda titi da magudana suka riga suka isa, me zai faru da ruwan wurin? Binciken da bai kwatanta hanyoyi ba, tambari ne kawai ake nema a buga wa abin da aka riga aka yanke. Muna da masanan da za su iya, a Jami'ar Bayero da ta Wudil da ta Zariya, kuma bai kamata kuɗin aikinsu ya fito daga aljihun wanda ke jiran fili ba.

Sai kuma harshe. A tsarin da ake bi yanzu, ana ajiye rahoton bincike na kwanakin aiki 21 don jama'a su duba su yi ƙorafi. Kundi ne mai kauri da Turancin ƙwararru, a ofis. Manomin da gonarsa ke ciki ba zai taɓa ganinsa ba. A garin da rediyo ke shiga kowane shago da kowane ɗaki, babu uzurin da zai hana a karanta taƙaitaccen bayanin da Hausa, a buɗe waya, a kafa taswirar a ƙofar gidan hakimi da dagaci, a zauna da 'yan lambu da 'yan garuwa da direbobin tifa da dillalan fili, a kuma nemi matan da su ne suke kwashe ruwa da roba idan ya shigo ɗaki. Duk ƙorafin da aka kawo a amsa shi a rubuce, a ce an karɓa ko an ƙi, da dalili.

Lokacin yin haka yana ƙurewa ne ta gefen da ba a kallo. An buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a farkon 2023. Ga babbar kasuwar Dangwauro a kan hanyar Zariya. Ga layin dogo na Kaduna zuwa Kano, ga na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, ga bututun gas da ya taso daga Ajakuta. Kowannensu zai iya zuwa da nasa rahoton muhalli, a kan nasa shingen. Amma duk inda aka ce za a yi tasha, dillalai sun riga injiniyoyi isa, gonakin da ke kewaye sun riga sun shiga ciniki. A wajajen nan har yanzu akwai fadamun da ba a cike ba, akwai rafukan da ba a matse ba, akwai ɗorawa a tsaye. Yau alƙalami da turaku huɗu sun isa su tsare su. Bayan damina biyar, sai an rushe ɗakin wani.